Kafin Yaro Ya Riƙe Fensir: Yadda Ake Koya Masa Lissafi a Tsakar Gida

Kusan duk farkon shekarar karatu sai wata uwa ta riƙo hannun ɗanta ta kawo mini aji ɗaya tana cewa, "Malama, wannan ai ya iya ƙirga har ɗari, da Turanci ma." Ba na musu da ita. Sai in zuba ƙwallon dabino a kan tebur in ce wa yaron, "Ba ni bakwai." Wani ya damƙo cike da hannu ya miƙo mini. Wani ya fara ƙirgawa, amma bakinsa ya riga yatsansa: yana taɓa ƙwallo na huɗu, baki ya kai shida. Irin wannan yaro waƙa ya haddace. Waƙar tana da amfaninta, sai dai ba ta zama lissafi ba tukuna.

Na daɗe ina koyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku a makarantar gwamnati da ke gefen Kano, inda aji kan cika har wasu su zauna a ƙasa. A irin wannan aji ba yadda za a yi malama ta bi yara ɗaya bayan ɗaya ta ga abin da kowane yatsa yake yi. Ku a gida kuke da wannan damar. Tsarin da nake bi, kuma nake so ku bi, shi ne lamba ta fara shiga hannun yaro, sannan bakinsa, takarda ce ta ƙarshe. Kuma ba sai kun yi boko ba. Matar da ke tuyar ƙosai tana ba da canji ba ta yin kuskure ta fi ƙarfin duk lissafin da ake yi a aji uku.

Kayan aikin ba na saye ba ne. Ku tara ƙwallon dabino ko 'ya'yan tsamiya ko murfin kwalbar lemo a cikin gwangwani, ku karya tsinken tsohuwar tsintsiya kamar tsawon yatsa, ku nemi zare ko 'yar roba ta ɗauri, ƙoƙo guda, da fankon kiret ɗin ƙwai. Idan akwai mai rarrafe a gidan, ku riƙa ɗaga gwangwanin sama, don duk abin da ya gani baki zai kai. Lokaci kuwa minti goma zuwa sha biyar ya isa, amma kullum. Yaron da ya dawo daga boko ya wuce Islamiyya ba shi da sauran ƙarfin zaman awa guda. Ni na fi son lokacin da ake jiran tuwo ya sauka, ko bayan magariba kafin barci ya fara ɗaukarsa.

Ƙirga na gaskiya

Ku zuba ƙwallo kaɗan, kada su wuce goma. Yaro ya riƙa ture kowanne gefe guda yana faɗin lambarsa: ture ɗaya, faɗi ɗaya. Wannan turewar ce take tilasta wa baki ya jira hannu. Idan ya gama, ku tambaye shi, "To nawa ne duka?" Idan ya sake farawa daga ɗaya, bai gane ba tukuna cewa lambar da ya faɗa a ƙarshe ita ce yawan tarin gaba ɗaya. Kada ku yi masa faɗa, ku dai ce, "Ka ƙirga shida, ashe shida ne," ku ci gaba gobe.

Bayan nan sai ku gwada shi da wata dabara. Ku jera ƙwallo shida kusa da juna ya ƙirga, sannan a gaban idonsa ku baza su su yi tsawo, ku ce, "Yanzu nawa ne?" Yara da yawa 'yan shekara huɗu da biyar za su ce sun ƙaru. Ba dakikanci ba ne, ido ne yake rinjayarsu a wannan shekarun. Ku bar shi ya sake ƙirgawa ya gani da kansa. Ranar da ya dube ku da mamaki ya ce, "Umma, ai ba ki ƙara ba," kun haye mataki na farko.

Ku yi duk wannan da Hausa. Ba ƙin Turanci nake yi ba, zai koye shi a aji. Amma "goma sha uku" da kanta take faɗa wa yaro cewa goma ce da uku, alhali a Turanci lafazin 13 da na 30 kusan ɗaya ne a kunnen ɗan shekara shida, kuma na ga yadda wannan yake rikita yara har aji huɗu. Yaron da ya fahimci abu da harshen da yake mafarki da shi, ɗora masa sunan Turanci a kai aikin 'yan kwanaki ne.

Wasan ƙoƙo

Wannan na fi so a cikin duka, kuma shi ne gindin tarawa da ɗebewa. Ku ƙirga ƙwallo biyar tare, ya rufe ido, ku kife ƙoƙo a kan wasu. Ya buɗe ido ya ga biyu a fili. "Nawa ne a ƙarƙashin ƙoƙo?" Da farko zai yi canke, daga baya zai fara ɗaga yatsu, daga baya kuma amsa ta fito ba tare da yatsu ba. Idan biyar ta zauna, ku koma goma. Abin da ake nema shi ne ya san abokan goma kamar yadda ya san sunayen yayyensa: 1 da 9, 2 da 8, 3 da 7, 4 da 6, 5 da 5. Ku ba shi ƙoƙon shi ma ya ɓoye muku, wani lokaci ku ba da amsar da ba daidai ba da gangan. Ba abin da yake ƙara wa yaro ƙwarin gwiwa kamar ya kama babansa ya yi kuskure.

Amfanin abokan goma yana fitowa ne a lissafi irin 8 a tara da 5. Yaron da bai san su ba zai ɗaga yatsu ya bi ɗaya ɗaya. Wanda ya san su zai ce takwas na neman biyu ta cika goma, in na ciri biyu daga biyar saura uku, goma sha uku ke nan. Game da yatsu kuwa, kada ku hana. Da kansa zai bari idan ya sami hanyar da ta fi sauri. Wanda aka buge wa hannu ɓoye yatsun kawai yake yi a ƙarƙashin benci.

Ɗauri da tsinke

A nan ne yawancin yara suke faɗuwa, don haka zan ɗan daɗe. Ku ce wa ɗan aji biyu ya rubuta goma sha biyu, sai wani ya rubuta 102. Ku ce ɗari da biyar, ya rubuta 1005. Abin da kunnensa ya ji ya rubuta. Bai san cewa gurbin da lamba ta zauna shi yake ba ta daraja ba, cewa 3 da ke cikin 34 talatin ce, ba uku ba.

Maganin shi ne tsinke. Dokar wasan guda ɗaya ce: duk lokacin da tsinke ya kai goma, a ɗaure shi ya zama ɗauri ɗaya. Ku zuba masa tsinke da yawa ya yi ta ƙirgawa yana ɗaurewa da hannunsa. Ku ja layi a ƙasa da gawayi, ɗauri a hagu, tsinken da bai kai ɗauri ba a dama. Ɗauri uku da tsinke huɗu, sai ku rubuta 3 a ƙarƙashin ɗaurin, 4 a ƙarƙashin tsinken. Ku juya: ɗauri huɗu da tsinke uku. Wanne ya fi yawa, 34 ko 43? Ya duba ƙasa ya faɗa. Ku ba shi ɗauri biyar ba tsinke ko ɗaya, ku tambaye shi me za a rubuta a dama. A nan ne sifili yake samun ma'ana: mai tsaron gurbi ne, yana cewa nan ba kowa.

Wannan hanya ba ƙirƙirata ba ce. Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta shahara da koyarwa da ɗauri da tsinke, a tsarinta na raba yara bisa abin da suka iya maimakon ajin da suke, kuma an gwada tsarin a Borno da kuma nan Kano, a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa. Abin da ya burge ni a ciki shi ne ba sa jin nauyin mayar da ɗan aji biyar kan tsinke idan nan ne ya tsaya. Ku ma kada ku ji.

Yanzu ku duba 28 a tara da 15. Yaron da aka koya wa a allo kawai yakan rubuta 313: takwas da biyar sha uku, biyu da ɗaya uku, ya jera su. Da tsinke ba zai yi haka ba. Zai haɗa takwas da biyar ya ga sun wuce goma, doka ta ce a ɗaure, ya ɗaure goma ya kai hagu, uku suka rage. Ɗauri huɗu da tsinke uku, 43.

Ɗebewa ta fi wuya. A ɗebe 17 daga 42, sai ku ga 35 a littafinsa. Ya ga biyu ba za ta ba da bakwai ba, sai ya juya ya cire biyu daga bakwai. Ku ajiye masa ɗauri huɗu da tsinke biyu, ku ce, "Ba ni goma sha bakwai." Zai miƙo ɗauri ɗaya, sai ya tsaya yana kallon tsinke biyu. Ku yi shiru. Wannan shirun yana da wuya ga iyaye, na sani, amma ku daure. Can zai ɗago ya ce, "In kunce ɗaya?" Ya kunce, tsinke ya zama sha biyu, ya ba ku bakwai, saura biyar da ɗauri biyu: 25. A aji za a ce masa "ara ɗaya", ba laifi, amma shi ya riga ya san abin da ake nufi, don da hannunsa ya kunce zaren. Sai bayan ya yi irin wannan sau da yawa a ƙasa za ku kawo takarda, kuma ku bar tsinken a gefensa har sai shi da kansa ya daina waiwayarsa.

Akwai wata ƙaramar alama da ake wucewa a guje, wato layi biyu na daidai. Ku rubuta masa 3 + 4 = __ + 5. Yawancin yara 7 za su cike, don a wurinsu alamar tana nufin "ga amsa nan". Ku nuna masa sikelin mai nama: abin da ke wannan gefe sai ya yi nauyi ɗaya da na wancan. Bakwai a nan, to biyar na neman nawa ta zama bakwai? Wanda ya gane wannan tun yana ƙarami ba zai firgita ba ran da aka fara sa haruffa a cikin lissafi a sakandare.

Kuɗi, mudu da aike

Ku yanka takarda ku rubuta 5, 10, 20, 50, 100, 200, 500 da 1000, ku buɗe kanti a tabarma da fankon ashana da gwangwanayen madara. Yau shi ne mai kanti, gobe ku. Ku koya masa ba da canji yadda 'yan kasuwa suke yi, ta cikawa sama. An sayi kayan naira 350, an ba da 500: ga hamsin, ɗari huɗu ke nan, ga ɗari, ɗari biyar. Canji 150. Idan za ku aike shi, kafin ya fita ku ce, "Nawa za ka dawo da shi?" Ya faɗa tukuna, sannan ya tafi. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suna da wata riba a nan, don da dala suke ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce, sefa 100 dala ashirin. Yaron da ya tashi da wannan ya sha sau biyar tun kafin a rubuta masa shi a allo.

A madafa kuma, ku ba shi gwangwani ya auna gwangwani nawa ke cika mudun gidanku. Ya fara yin hasashe, sannan ya auna. Hasashen yana da muhimmanci, shi ne yake sa yaro ya ji a jikinsa cewa amsa irin 313 ba za ta yiwu ba.

Sau

Ba na adawa da haddar jadawalin sau. Dole ne a haddace, kuma yaranmu da suka saba da hadda a makarantar allo ba sa shan wuya a kai. Abin da nake ƙi shi ne a fara da haddar. Ku fara da abin da yake gani. Akuya uku ƙafa nawa? Adaidaita sahu huɗu taya nawa? Ku ɗauko kiret ɗin ƙwai: layi biyar, kowane layi rami shida, talatin. Ku juya kiret ɗin: layi shida, rami biyar biyar, talatin dai. Da wannan juyawar kaɗai kusan rabin jadawalin ya sauka daga kansa, don wanda ya san 3 sau 8 ya san 8 sau 3. Ramukan dara ma biyar ne sau shida, idan kakansa na yi, ya zauna kusa ya ƙirga.

Kada ku bi jadawalin a jere daga biyu zuwa sha biyu. Ku fara da sau 2, sau 10 da sau 5. Sau 4 ninki ne a kan ninki: 4 sau 7, bakwai biyu sha huɗu, sha huɗu biyu ashirin da takwas. Sau 9 kuwa sau goma ne a cire sau ɗaya: 9 sau 7, saba'in ba bakwai, 63. In kun bi haka, 'yan kaɗan ne za su rage masu taurin kai, irin su 6 sau 7, 6 sau 8 da 7 sau 8. Waɗannan ku rubuta su a jikin ƙofa, ku riƙa jefa masa ɗaya a hanyar masallaci. Kuma ku riƙa tambaya a tsallake. Yaron da sai ya rero daga "bakwai sau ɗaya" kafin ya iso bakwai sau shida, waƙar farko ce ta dawo.

Abin da yake koya a Islamiyya ma lissafi ne. Raka'o'in farilla na yini: biyu, huɗu, huɗu, uku, huɗu, ya tara ya sami 17. Tasbihin bayan salla 33 sau uku, 99, saura nawa ɗari ta cika? Izu sittin, juzu'i talatin, izu nawa ne a juzu'i guda?

Rabawa ba ta buƙatar dogon bayani, don ba yaron da bai iya rabon ƙuli-ƙuli ba idan da rabonsa a ciki. Ku ba shi 14 ya raba wa mutum huɗu. Kowa uku, saura biyu, a yi shawarar yadda za a yi da su. Daga nan ne ake shiga rabi da kwata. Ku ninke takarda biyu, ku sake ninkewa, ku sake: rabi, rubu'i, sumuni. Yara suna ɗauka ɗaya bisa takwas ya fi ɗaya bisa huɗu tunda takwas ta fi huɗu. Ku tambaye shi, gurasa guda, ya fi son a raba su huɗu ko su takwas? Nan take zai gyara. Idan ya girma ya zo karatun rabon gado, inda matar mamaci take da rubu'i in ba ɗa, sumuni in da ɗa, ba baƙon abu zai gani ba.

Abubuwan da ke ɓata aikin

Bulala ta farko. Yaron da ke tsoro ba tunani yake yi ba, fuskarku yake karantawa yana neman amsar da za ta cece shi. Idan ya ba da amsar da ba daidai ba, ku ce, "Nuna mini yadda ka yi." Ku riƙa faɗin haka ko da amsar daidai ce, don kada ya ɗauka tambayar alamar kuskure ce. Kusan kowane kuskure yana da dalilinsa, kuma in kun ji dalilin kun san inda za ku gyara.

Na biyu, yaya ko anti ta karɓi littafi ta yi masa aikin gida. Mu malamai muna ganewa, rubutun ma daban ne, amma illar ita ce an ɓoye mana inda yaron ya tsaya. Gara ya kawo aiki rabi da kuskurensa. Na uku, furucin iyaye mata: "Ni ma ban taɓa iya lissafi ba." Ke uwa, 'yarki tana jinki, kuma za ta ɗauka gado ne. Ke da kike lissafin adashi da cefanen wata a ka, da wane bakin za ki ce ba ki iya ba?

Juya lamba, kamar rubuta 3 ko 7 tana kallon baya, abu ne da aka saba gani wurin 'yan shekara biyar zuwa bakwai. Ya riƙa zana ta da yatsa a cikin yashi, zai wuce. Amma idan kun ga yana matse ido in yana kallon allo, ko sai an maimaita magana kafin ya ji, ku kai shi a duba idonsa da kunnensa kafin a yanke masa hukuncin rashin ƙoƙari. Idan kuma kun je makaranta, kada ku tsaya a "Na nawa ya zo?" Ku ce, "Malama, a ina yake tsayawa, me za mu yi a gida wannan makon?" Ku buɗe littafinsa tare da ita.

Wani yaron kuma matsalarsa ita ce ya riga ajinsa, duk abin da aka ba shi ya gama ya fara tsokana. Wannan ku zana masa gida tara a ƙasa, uku uku, ku ba shi lambobi 1 zuwa 9, ya jera su yadda kowane layi, a kwance ko a tsaye ko a karkace, zai ba da 15. Ku faɗa masa cewa wani malamin Katsina, Muhammad ɗan Muhammad al-Kashinawi, ya rubuta littafi da Larabci a kan irin wannan jeri a 1732, kuma a Alƙahira ya rasu a 1741. Ku rubuta lambobin a murfin kwalba don ya riƙa matsar da su ba sai ya goge ba. Idan ya kwana biyu ya kasa, ku ba shi haske ɗaya kawai: 5 ce a tsakiya. Idan har yanzu, ku ƙara masa cewa 2, 4, 6 da 8 a kusurwa suke zama. Ran da ya warware, ku karɓe murfin 1 ku ba shi na 10, ku ce yanzu kowane layi ya ba da 18.